Majigi a Bangon Coci: Kwana Tara Tsakanin Goma da Bukavu

Abin da ya fara kama idona a Goma, a gabashin Kwango, shi ne ƙasar garin baƙa ce wuluk. Ba baƙin laka irin na fadama ba, baƙin dutse ne mai kaushi da huji-huji kamar soso, mai cin takalmi. Da shi suke gina katanga, a kansa mata ke baza tumatir, a kansa yara ke buga ƙwallo. Direban da ya ɗauko ni daga filin jirgi ya nuna min arewa da haɓarsa, inda wani tsauni ke tsaye hayaƙi na tashi a kansa. Nyiragongo ke nan. A Janairun 2002 ya yi aman wuta, narkakken dutse ya ratsa tsakiyar gari har ya faɗa tafkin Kivu, ya binne wani sashe na titin da jirginmu ya sauka a kai. A Mayun 2021 ya sake yi, sai dai wannan karon Allah ya tsayar da shi a bakin gari.

Sana'ata haɗa hoton fim ce a Kano. A bikin fina-finai na FESPACO da aka yi a Wagadugu a 2021 na haɗu da wani matashi ɗan gabashin Kwango, ɗan ɗariƙar Katolika, wanda ke koya wa samari da 'yan matan cocinsu ɗaukar hoto. Faransancin da na tsinta a wurin dangin mahaifiyata a Maraɗi shi ya haɗa mu. Ya ce suna da kyamara biyu da kwamfuta ɗaya, ɗauka ba ta ba su wahala, amma in aka zo yanka da jerawa sai aiki ya tsaya. Ya roƙe ni in zo in zauna da su ko da mako guda ne. A farkon 2023 na cika alkawari, na bi ta Addis Ababa na sauka Goma.

Kwana biyu kawai na yi a garin. Na ga cukudu, wani keken katako mai ƙafa biyu wanda ba shi da inji ba shi da feda, samari na tura shi da buhunan gawayi da dankali waɗanda ko amalanke sai ta yi nishi. Har gunkinsa suka kafa a wani shataletale. Na leƙa Yole!Africa, cibiyar da mai shirya fim Petna Ndaliko Katondolo ya kafa, inda matasa ke koyon fim da kiɗa da rawa, kuma daga nan aka fara bikin fina-finan da a da ake kira Salaam Kivu. Na yi Juma'a a wani masallaci cikin gari, kuma a nan ne Sawahilanci ya fara shiga kunnena kamar wani ɗan'uwa da aka daɗe ba a gani ba. Labari su ce habari, duniya su ce dunia, asuba su ce asubuhi, haƙƙi su ce haki. In suka ga mutum ya gaji ko ya yi tuntuɓe sai su ce pole, daidai inda za mu ce sannu.

Abokina ya kai ni Kanyaruchinya, a kan hanyar arewa. Mutanen da suka gudo daga Rutshuru tun ƙarshen 2022, lokacin da 'yan tawayen M23 suka matso, su ne suka cika wurin. Bukkokin leda ne farare a kan baƙin dutse, iya ganinka. Wanda ya taɓa shiga sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri zai gane warin, zai gane layin jarkoki a bakin famfo, zai gane yadda yara ke bin baƙo da ido. Na ɗauko kyamara, ya dafa hannuna ya ce, "Mwalimu," wato malam, "bari. An ɗauke su sau ɗari, ba su taɓa ganin hoton ba." Na mayar da ita jaka, ban sake fito da ita a wurin ba.

Zuwa Bukavu ta ruwa ake bi, don hanyar mota ba ta da tabbas. Ƙaramin jirgin ruwa mai gudu yana yin kamar awa uku. Tafkin shuɗi ne shar, tsaunuka kore sun kewaye shi, masunta na jan komar wani ɗan ƙaramin kifi da suke kira sambaza. Da muka zo gefen tsibirin Idjwi, abokina ya ba ni labarin da duk ɗan Kivu ya sani. A Oktoban 2012 'yan bindiga suka shiga gidan Dakta Denis Mukwege a Bukavu, suka kashe mutumin da ke tsaron gidan, shi ya tsira da ƙyar ya bar ƙasar. Matan wannan tsibiri suka ce sai ya dawo, suka riƙa sayar da abarba da albasa suna tara masa kuɗin jirgi. A Janairun 2013 ya dawo. Mukwege ɗan fasto ne, asibitin Panzi da ya kafa a 1999 yana ƙarƙashin cocin Fentikos ne, kuma mata fiye da 50,000 da aka yi wa fyaɗe sun sami magani a can. A 2018 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Nadia Murad 'yar Iraƙi.

Sai da na ga wannan yanki na fahimci abin da ya sa fim da coci suka zama ɗan Juma ne da ɗan Jummai a can. In ka fita daga birni, makarantar da za ka gani galibi ta coci ce, ɗakin shan magani na coci ne, janareta na coci ne, kuma bango mafi faɗi da fari a ƙauye bangon coci ne. Wanda ke son tara jama'a da dare su ga wani abu, ko ya so ko ya ƙi, ta ƙofar Fada ko fasto zai bi.

Abin kuma ba yau ya fara ba. A harabar cocin da muka sauka a Bukavu akwai wani dattijo, tsohon malamin koyar da addini, wanda ya haura tamanin. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya sa aka kawo masa kujera kusa da ni. Ya ce yana yaro Fadan Turawa kan zo ƙauyensu da mota, su kafa farin ƙyalle, su nuna musu Matamata da Pilipili, wasu mutum biyu masu ban dariya, ɗaya mai jiki ɗaya siriri. Wani Fada ɗan Beljiyam, Albert Van Haelst, shi ya shirya su a Luluabourg, garin da ake kira Kananga yanzu, a shekarun 1950. Tun 1946 cocin Katolika ya kafa cibiyar shirya fina-finai don 'yan Kwango, kuma reshe ɗaya, Africa Films, a nan Bukavu yake. A lokacin dokar Beljiyam ta hana a shigar da baƙar fata gidan silima sai da izini, wai hankalinsa bai kai ya bambance wasa da gaske ba. Don haka aka yi masa nasa fim daban, mai tafiya a hankali, mai koyar da tsafta da biyayya da auren mace ɗaya.

Ina jin haka sai majigi ya faɗo min a rai. Kakata ta sha ba mu labarin motar En'e da kan tsaya a ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a nuna yadda ake noman gyaɗa da yadda ake haƙa masai, mai fassara na tsaye da lasifika. Na gaya wa dattijon, ya yi ta gyaɗa kai. Na tambaye shi ko yana jin haushin waɗancan fina-finai yanzu. Ya ce, "Mwanangu, sun ɗauke mu yara, wannan gaskiya ne. Amma ranar ce na fara ganin mai irin fatata a jikin ƙyalle, har yau ban manta ba." Mwanangu shi ne ɗana. Ban sami abin da zan ƙara a kan maganarsa ba.

Kwana huɗu muka yi a wani ɗaki bayan coci, ni da matasa bakwai, huɗu mata. Fim ɗin da suka ɗauka gajere ne, bai kai rabin awa ba, da yaren Mashi na mutanen yankin da ɗan Sawahilanci. Labarin wata mata ce da 'yan bindiga suka tare a gona, ta dawo gida, mijinta ya ɗaure mata kayanta ya ajiye a ƙofa. Babu ko ɗaya cikin 'yan wasan da abin ya taɓa faruwa da ita. Wannan doka ce da Sistar da ke kula da su ta kafa, ta ce ba za a sa mace ta sake shan wuyar nan don kyamara ba. Kuma akwai lamba ɗaya da suka dage sai ta fito sau uku a bakin mutane daban-daban: awa 72. In wadda aka yi wa fyaɗe ta isa asibiti kafin cikar awa 72, akwai maganin da zai iya kare ta daga ƙanjamau. In ta ɓoye saboda kunya har kwana uku suka wuce, wannan damar ta tafi.

Na koya musu abin da na sani: yadda ake tsaftace murya, yadda ake daidaita launi tsakanin kyamarori biyu da ba iri ɗaya ba, inda ake shiga magana da inda ake fita. A wuri ɗaya muka yi saɓani. Akwai inda matar ke zaune a kan ƙullin kayanta a bakin ƙofa, ba magana, ba kiɗa, kusan minti ɗaya da rabi. Idon da na saba da shi ya ce a rage shi zuwa daƙiƙa goma sha biyar. Yarinyar da ke riƙe da kwamfutar, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta ɗauke hannunta ta ce, "Mwalimu, a yi haƙuri, wannan ba za a taɓa shi ba." Na ce mai kallo zai gaji. Ta ce in jira mu je ƙauye.

Ranar Asabar muka ɗora kaya a bayan wata tsohuwar a-kori-kura ta coci: majigi, janareta, lasifika biyu, jarkar fetur, da igiya. Ƙasar Bukavu ja ce, ba kamar ta Goma ba, kuma in an yi ruwa sai ta zama kamar sabulu. Sau biyu muka sauka muka tura. Ƙauyen yana kan tudu a yankin Walungu, ayaba ta lulluɓe shi ko'ina. Aka ba mu tuwon rogo da miyar ganyen rogo da suke kira sombe. Da rana ta faɗi na nemi ruwa, Fadan wurin ya sa aka shimfiɗa min tabarma a gefen fili, ya hana a tada janareta sai da na sallame. Ban roƙe shi hakan ba, kuma na riƙe masa wannan.

Ban ƙirga mutane ba, amma filin ya cika har kan bishiyoyi. Maza a dama, mata a hagu da goyo, yara a gaba a ƙasa. Aka buɗe da addu'a da waƙar coci, sannan aka saki ɗan wasan barkwanci don yara su yi dariya, daga nan aka sallame su, manya suka rage. Da fim ɗin ya fara akwai surutu. Wasu sun gane 'yan wasan, wasu na yi wa mijin tsawa kamar yana jin su. Sai aka zo wurin nan na bakin ƙofa.

Daƙiƙa goman farko ana ta motsi. Daga nan filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Ina tsaye kusa da majigin, haskensa na dukan fuskoki, sai na ga matan sun daina kallon bango. Ɗaya bayan ɗaya suna juyar da kai dama, wajen maza. Mazan kuma wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun kafe ido a bango don kada su haɗa ido da kowa. Minti ɗaya da rabi ana haka. Yarinyar nan tana gefena, ba ta ko kalle ni ba.

Da aka gama, Sista ta karɓi abin magana. Ba ta yi wa'azi ba. Ta tambaya kawai: wa ya yi laifi a labarin nan? Aka daɗe ba amsa. Wani dattijo ya miƙe ya ce al'ada ba ta yarda namiji ya koma wa matar da wasu suka taɓa ba, kuma cuta ake gudu. Wata mata ta amsa masa daga zaune, da ƙarfi, har aka yi ta tafi. Abokina ya raɗa min cewa ta ce rogon da suke ci matan ne ke zuwa gona su tono shi, in gonar akwai haɗari me ya hana maza su je. Sai wani mutum mai kamar shekara arba'in ya tashi, ya ƙi karɓar abin magana, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Abokina ya yi shiru har sai da ya zauna kafin ya fassara min. Cewa ya yi daren da suka zo gidansa, shi ya tsallake ta baya ya ɓuya cikin ayaba, yana jin komai. Ya ce da ya kore ta, ba fuskarta ce ya kasa kallo ba, tasa ce.

Na je gefe na zauna a kan jarkar fetur. Abin da ya zo min shi ne matan da ake kaiwa asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari, da yawansu da takardar saki a cikin kaya. Sanadin ya bambanta, mu doguwar naƙuda ce ta fi kawo shi, su har da ta'asar 'yan bindiga, amma ƙullin kayan da ke bakin ƙofa iri ɗaya ne. Shekara nawa ina yanka fina-finan soyayya da kishiya, ban taɓa barin mace ta zauna shiru minti ɗaya da rabi a gaban mijinta ba.

Kafin a watse Sista ta sanar da ranar da mota za ta zo ta kwashi masu son ganin likita a Bukavu. Ta ce kyauta ne, kuma ba wanda za a tambaya abin da ke damunta a gaban mutane. Mai ciwon ƙafa ma ta zo. Na gane hikimar: in motar ta masu ciwo iri-iri ce, ba a shaida kowa da shigarta. Wannan dabara ta zagayawa da majigi ba su suka fara ta ba. Wasu 'yan'uwa mata biyu 'yan Holan, Ilse da Femke van Velzen, sun shirya fim a kan fyaɗe a Kivu ta Kudu a 2007, aka riƙa yawo da shi ƙauyuka, daga baya suka yi wani aka nuna wa sojoji. Abin da matasan nan suka ƙara shi ne yaren gida da fuskokin gida.

A hanyar dawowa cikin dare na yaba wa coci, sai abokina ya ce kada in yi saurin yabo. Ya yi karatu a Kinshasa. Ya ce a can gidajen silima sun mutu ɗaya bayan ɗaya, da yawansu sun koma coci-coci. Abin da ya cike gurbin shi ne wasannin talabijin na masu wa'azi da fina-finan Najeriya da ake ɗora musu murya da Lingala, cike da mayu da aljanu da fasto mai korar su a ƙarshe. A ganinsa waɗannan sun ƙara wa wata wuta fetur: iyaye da 'yan riƙo na zargin ƙananan yara da maita, a kai su a yi musu azumin dole, in bai yi ba a kore su titi. Dubban yaran da ke kwana a titunan Kinshasa, waɗanda ake kira shégué da yarensu (ba shegen Hausa ba), da yawa ta haka suka fito. Rachel Mwanza, wadda ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2012, daga titin aka ɗauko ta. Na ce masa waɗancan fina-finan kudu ne, ba na Kano ba. Ya ce, "Ndugu," wato ɗan'uwa, "a wurinmu Najeriya ɗaya ce." Na yarda da shi, don mu ma ba mu rasa namu bokaye da matsafa a fim ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi wace tsohuwa a wane ƙauye ake nunawa da yatsa bayan an kalla ba.

Darena na ƙarshe muka zauna mu tara a gaban kwamfutar nan ɗaya, suka nuna min aikin wanda suke kira babban yayansu a sana'a, Dieudo Hamadi, haifaffen Kisangani. Na san Mweze Ngangura, ɗan Bukavu, wanda ya yi La Vie est belle da mawaƙi Papa Wemba a 1987, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1999. Na san Viva Riva! na Djo Munga, wanda ya kwashe kyautuka shida a bikin kyautukan fina-finan Afirka na AMAA a Yenagoa a 2011. Hamadi ne ban sani ba sosai. Fim ɗin da muka kalla, En route pour le milliard, wanda bikin Kan na Faransa ya zaɓa a 2020, yana bin mutanen da suka rasa ƙafafu da hannaye a yaƙin kwana shida na Yunin 2000, lokacin da sojojin Ruwanda da na Yuganda suka gwabza a tsakiyar Kisangani. Shekara kusan ashirin ba diyya, sai suka hau kwale-kwalen kaya suka bi kogin Kwango har Kinshasa, da sandunansu da ƙafafun roba, ruwan sama na dukansu, suna faɗa da juna, suna waƙa, suka tsaya a ƙofar majalisa suna ihu. A Fabrairun 2022 kotun duniya ta umarci Yuganda ta biya Kwango diyyar dala miliyan 325 saboda ɓarnar da ta yi a ƙasar.

Na ga fina-finai da yawa da baƙi suka yi a kan Kwango, wasunsu da zuciya ɗaya aka yi su, kuma sun yi amfani. Wanda Thierry Michel ɗan Beljiyam ya yi a kan Mukwege a 2015 har gwamnati ta hana nuna shi na ɗan lokaci, alamar ya taɓa inda ke ciwo. Amma akasarinsu da mai kallo na Turai suke magana, suna neman tausayinsa da aljihunsa. Mutanen Hamadi ba sadaka suke roƙo ba. Kalmar da ke bakin matasan nan bayan mun gama kallo ita ce wadda na fara ji a masallacin Goma, haki. Yarinyar da ta hana ni yanka ta ce burinta ke nan: fim na gaba ba a kan mijin zai tsaya ba, zai bi matar har kotu.

Na bar musu faifan ajiyata da belun kunne biyu, na hau jirgin ruwa na koma Goma.

A ƙarshen Janairun 2025 M23 suka shiga Goma, a tsakiyar Fabrairu suka shiga Bukavu. Aka rufe filin jirgin da na sauka, bankuna suka rufe, aka tashi sansanonin da ke kewaye da Goma. Kwana goma sha ɗaya ina aika wa abokina saƙo a WhatsApp ba ya shiga. Ranar da ya shiga, muryarsa ce ta zo, gajeriya. Ya ce duk su bakwai suna raye, biyu sun tsallaka Burundi. Ya ce sun naɗe majigin da faifan a leda sun ɓoye a silin ɗakin Sista, kuma yarinyar nan ta ce ya gaya min ta gama rubuta fim na biyu, tana tambaya ko zan duba mata shi in ta turo.